Waiwaye: Yadda makarantar fasaha ta zama zaɓin ƙarshe a Kaduna

Tun da aka sake tayar da batun koyar da sana'o'i a 2025, ake ta muhawara a Kaduna kan abin da ya hana iyaye rububin kai 'ya'yansu makarantun fasaha na gwamnati, irin ta Malali, da abin da ya sa 'yan mata suka yi ƙaranci a ajin walda da na wayarin. Amsar da aka fi ji ita ce rufe masaƙun unguwar Kakuri. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai ciwon ya girmi rufe masaƙun.

Farkon labarin sananne ne. A 1956 aka buɗe cibiyar koyar da fasaha ta Kaduna, wadda ta zama Kaduna Poly a 1968. Masaƙar farko ta fara aiki a 1957, kamfanin harhaɗa motocin Peugeot a 1975, matatar mai a 1980. A wancan zamani, yaron da ya san inji aiki ne ke nemansa.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne shigowar tsarin karatu na 6-3-3-4 (shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babbar sakandare, huɗu a jami'a) a farkon shekarun 1980. Manufarsa kyakkyawa ce: kowane yaro ya taɓa zarto da filaya a ƙaramar sakandare, daga nan a duba inda baiwarsa take. Amma ga yadda mu mutanen gari muka fassara shi. Bayan aji uku, mai maki da yawa ya wuce babbar sakandare, ya nufi jami'a. Wanda makinsa ya gaza sai a ce, "A kai shi makarantar sana'a, ko Allah zai sa ya kama wani abu." Daga nan sunan ya manne. Uba mai hali ba ya so maƙwabta su ji ɗansa yana can, ko da yaron shi ke gyara rediyon gidan tun yana firamare. Uwa kuwa ta ga idan ana ƙyamar wurin ga namiji, ina ga 'ya mace da za a zo neman aurenta gobe? Sannu a hankali azuzuwan suka koma na 'ya'yan marasa ƙarfi, kuma galibi maza. Abin da ya fi damuna shi ne, duk wannan ya faru ne lokacin da jiniyar masaƙun ke kiran ma'aikata safe da yamma, aikin yana nan.

Saboda haka da masaƙun suka fara rufewa a farkon shekarun 2000, sun tarar da makarantun da kwarjininsu ya riga ya zube. Sha'awar sana'ar ba ta mutu ba, wuri ta sauya. A leƙa kasuwar Panteka a ga yaran da ke koyon walda da ƙira a hannun iyayen gidansu, da yawansu ba su da takardar shaidar abin da suka iya.