Mene ne "imperfecto" a nahawun Sifaniyanci?

Duk mai koyon Sifaniyanci, da zarar ya fara ba da labarin abin da ya wuce, zai ci karo da imperfecto. Siga ce ta aikatau da ke nuna aikin da aka saba yi a da, ko wanda ake tsakiyar yin sa, ba tare da an faɗi inda ya tsaya ba. A makarantun Meziko sun fi kiran ta copretérito, sunan da malamin nahawu ɗan Benezuwela Andrés Bello ya yi amfani da shi a littafinsa na 1847.

Gina ta ba wuya. Aikatau mai ƙarewa da -ar yana ɗaukar -aba, hablar ya koma hablaba. Mai -er ko -ir kuwa -ía yake ɗauka, comer ya koma comía. Uku ne kacal suka bauɗe: ser ya zama era, ir ya zama iba, ver kuma veía.

Abin da Hausa ta raba gida biyu, wato lokaci sabau da lokaci mai ci, shi Sifaniyanci ya haɗe a nan. Jugaba en la calle na nufin "nakan yi wasa a titi" a zamanin da. Llovía cuando llegó kuwa "ana ruwa ya iso" ke nan. Dubi yadda ruwan ya ɗauki imperfecto domin yana kan zuba, isowar kuma ta ɗauki ɗaya sigar, pretérito, tunda faruwa ta yi ta ƙare.

Inda ɗalibai ke tuntuɓe shi ne zaton cewa duk aikin da ya daɗe imperfecto ne. Sam. Iyaka ake dubawa, ba tsawo ba. Wanda ya yi shekara 10 a Madrid ya baro, viví diez años zai ce, don zaman ya rufe. Haka maimaici: iba todos los viernes, "nakan je kowace Juma'a", amma da ka ƙirga zuwan, ka ce sau uku, sai ya koma fui tres veces. A ganina wannan ƙa'idar ta fi haddar ɗafa-ƙeya amfani nesa ba kusa ba.

Ban da imperfecto, akwai kuma wasu ƙananan hanyoyi na nuna sabo, maimaici ko ci gaban aiki. Soler shi ya fi kusa da "kan" ɗinmu: suelo madrugar, nakan yi sammako. Volver a na nuna sake yi, sigue lloviendo kuwa har yanzu ana ruwa.