Wai sai lauya ne kawai ake ba wa kwafin hukunci? Ga abin da doka ta ce

Maganar da ke yawo cewa in aka yanke maka hukunci ba za a ba ka takardar ba sai ta hannun lauya, ko wai wanda ya sha kaye ba shi da hurumin nema, ba gaskiya ba ce, kuma tana cutar da mutane.

A Najeriya sashe na 36(7) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce a shari'ar laifi dole kotu ta ajiye rikodin zamanta, kuma wanda ake tuhuma ko wanda ya wakilta yana da haƙƙin samun kwafin hukunci cikin kwana 7 da gama shari'a. Sashe na 294 ya ɗora wa manyan kotuna irin wannan nauyi ga duk ɓangarorin ƙara, mai nasara da mai faɗuwa.

To amma a nan ake ruɗewa. Kwana 7 ɗin nan na hukunci ne fa, ba na dukkan rikodin ba, wato abin da shaidu suka faɗa da abin da alƙali ya rubuta zama bayan zama, wannan sai ka rubuta wa rajistara takardar nema da lambar ƙara, ka biya kuɗin da aka ƙayyade, ka karɓi rasit ka adana. Kuma kar ka yarda da fotokwafi kawai. Sashe na 104 na Dokar Shaida ta 2011 yana son a ƙasan kwafin jami'in ya rubuta cewa daidai yake da na asali, ya sa kwanan wata da sunansa da muƙaminsa, da hatimi in ofishin na da shi, shi ne lauyoyi ke kira CTC. Duba shafin ƙarshe tun kana tsaye a wurin.

Abin da ya fi damuna shi ne masu cewa bari takarda ta fito tukun sannan su ɗaukaka ƙara. Wa'adi daga ranar hukunci yake farawa, ba ranar da ka karɓi kwafi ba. Daga Babbar Kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara wata 3 ne a ƙarar da ba ta laifi ba, kwana 90 a ta laifi, kwana 14 kacal in hukuncin tsakiyar shari'a ne a ƙarar da ba ta laifi ba. Gaskiya ba adalci ba ne a riƙe wa talaka takarda ana ce masa dawo gobe alhali lokacinsa na ƙurewa, shi ya sa ka shigar da sanarwar ɗaukaka ƙara ko da rikodin bai fito ba.