Alamomin da esi, fanka da hita ke nunawa kafin su lalace: tambayoyi da amsoshi

A Zariya na'urorin gida suna shan wahala sau biyu a shekara. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na cika su da ƙura, daga Maris zuwa Mayu kuma zafin bazara ya sa su aiki dare da rana, a kan wutar da sau da yawa ba ta kai ƙarfin bolt 230 da aka ƙera su a kai ba. Da wuya na'ura ta mutu farat ɗaya. Takan yi makonni tana nuna alama. Ga tambayoyin da masu gida suka fi yi.

Malam, esi na yana aiki amma sanyin ya ragu. Gas ne ya ƙare?

Kafin a taɓa maganar gas, ɗaga murfin gaba ka zaro ragar tace ƙura. Ɗaga ta sama ka leƙa: idan haske ba ya ratsa ta, iska ma ba ta ratsawa. Wanke ta da ruwa, ta bushe a inuwa, ka mayar. Lokacin hunturu, musamman ga wanda gidansa ke bakin titi irin Kwangila ko Tudun Wada, wankin duk mako biyu bai yi yawa ba. Bayan nan ka bar shi ya yi aiki kamar kwatan awa, ka auna iskar da ke fitowa da wadda ke shiga. A na'ura mai lafiya bambancin yakan kai digiri 8 zuwa 12 a ma'aunin Selsiyos.

Shi kuwa gas ba ƙonewa yake yi ba, zagayawa yake cikin rufaffen bututu. Idan ya ragu, to akwai inda yake zurarewa. Je wurin injin waje ka duba inda bututun jan ƙarfe biyu suka haɗu da shi. Idan ka ga danshin mai a jikin notin, ƙura ta manne ta yi baƙi, ko ƙanƙara ta yi fari fat a kan siririn bututun ana tsakar rana, yoyo ne. A shafa ruwan sabulu, kumfa zai tashi daidai wurin. A ganina mai gyaran da ya zo ya ɗura gas ya tafi bai nemi ramin ba, kuɗin dawowa ya shirya wa kansa. Ka kuma karanta takardar da ke jikin injin waje, an rubuta irin gas ɗin: R22, R410A ko R32. Ba a gauraya su. R22 na tsofaffin na'urori ne, ana kan janye shi a duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987.

Injin waje yana gurnani, sai ya yi "kas" ya yi shiru. Mene ne?

Kwamfuresa ce, wato injin da ke tura gas cikin bututu, take ƙoƙarin tashi ta kasa, na'urar kariyarta ta katse ta. Abu biyu ne suka fi jawo haka. Ko dai kafasita, ɗan abin da ke tara wuta ya taimaka wa injin tashi, ya gaji, wanda idan aka buɗe sau da yawa za a tarar kansa ya kumbura, ko kuma wutar ba ta da ƙarfi. Ta biyun gane ta ba wuya: fankar sama na tafiya a kasalance, kuma duk lokacin da esi ya yunƙura fitilun gida su dusashe. Kashe shi nan take. Kafasita kayan arha ne, kwamfuresa kuwa ita ce mafi tsada a jikin na'urar, kuma wannan yunƙurin ne ke ƙone ta sannu a hankali.

Idan an ɗauke wuta aka dawo da ita, ko an juya zuwa janareta, a jira minti uku zuwa biyar kafin a kunna, don matsin gas ɗin ya daidaita. Sababbin na'urori suna yin wannan jiran da kansu, tsofaffi kuwa sai kai ka yi musu. Haka firji.

Ruwa na ɗiga a bango daga na'urar cikin ɗaki.

Bututun fitar da ruwa ne ya toshe, ko an kafa na'urar a karkace. An fi ganin wannan da damina, lokacin da iska ke da laima. Leƙa bakin bututun a waje. Sau da yawa zanzaro ne ya yi gini a ciki tun rani.

Akwai abin dubawa a injin waje ko da komai na tafiya daidai?

Akwai. Siraran ƙarafan bayansa suna cika da ƙura da audugar rimi da gashin kaji, zafi ya kasa fita. Alamarsa ita ce esi ya yi sanyi da dare, amma da azahar ya riƙa yankewa. A kashe wuta daga makunni, a wanke da ruwa marar ƙarfi don kada ƙarafan su lanƙwashe. Sannan a duba murfin wurin wayoyi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a nan ƙadangaren gaske ake nufi: yana son ɗumin wurin, ya kwanta a kan allon wutar ya haɗa waya da waya. Ɓera ma yana gaigayar wayoyin.

Fankar sama ta rage gudu, wani lokaci sai an tura ta da sanda.

Kafasita ne, ƙaramin nan da ke saman fankar. A canza shi da mai lamba iri ɗaya, kada a sa babba wai don ta ƙara gudu, kwayil, wato naɗaɗɗun wayoyin cikin injinta, ne zai yi zafi. Ƙara mai kama da niƙa kuwa boris ne ya bushe. Wadda ba a wasa da ita ita ce fanka mai rawa: a kashe ta a duba ƙugiyar da notin da ke riƙe da ita, tun ba idan yara na barci a ƙarƙashinta ba.

Da hunturu muna kunna hita. Me za mu kula da shi?

Soket, fiye da hitar kanta. Hita mai wat 2,000 tana jan wajen amfiya 9, soket na bango kuma iyakarsa 13. Wayoyin jona na arha da ake saya a kasuwa ba sa ɗaukar wannan nauyin tsawon dare. Bayan rabin awa da kunnawa, taɓa fulogin da bayan hannu. Ɗan ɗumi ba laifi, amma idan ya yi zafin da ba ka iya riƙewa, ko bakin ramukan soket ya yi ruwan ƙasa, ko ana jin tsartsatsi da ƙaurin roba, a zare a kira mai wayarin. Ƙaurin ƙura a ranar farko da aka fito da hita daga ajiya yakan wuce cikin 'yan mintuna. Wanda ya ƙi wucewa ba ƙura ba ne. Kada kuma a shanya kayan jariri a kanta.

Famfon banɗaki yana ɗan ja na idan hitar ruwa na kunne. Ƙaramin abu ne?

A'a. Ƙarfen da ke dafa ruwan ya tsage, wuta na shiga ruwa, wayar kariyar da ake haɗawa da ƙarfen da aka binne a ƙasa kuma ba ta aiki ko ma babu ita. Kashe hitar daga bireka, wato makunnin da ke katse wuta da kansa idan an samu matsala, kada kowa ya yi wanka da ita a kunne sai an gyara. Alamun da ke riga wannan zuwa su ne ruwa ya daɗe bai yi zafi ba, tankin na ƙarar fashe-fashe saboda farin ɓawon da ruwan wasu rijiyoyin burtsatse ke tarawa, ko bireka ya riƙa faɗuwa. Ƙaramar hitar bokiti da ɗalibai a Samaru da Kongo suka saba da ita ma haka: a zare fulogi tukuna, sannan a sa hannu a ruwa.

Mu kaskon gawayi muke sa wa Hajiya a ɗaki. Shi ma yana da alama?

Alamarsa a jikin mutane take fitowa. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Idan mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala tare, kuma suka ji sauƙi da fita tsakar gida, kada a ce sanyi ne ya kama su. Tsofaffi, jarirai da masu juna biyu sun fi saurin galabaita. Ko garwashin ya daina hayaƙi yana nan yana fitar da ita, don haka a ɗumama ɗaki taga a buɗe, a fitar da kaskon kafin kowa ya kwanta. Janareta a zaure ko gindin taga haɗarinsu ɗaya. Wanda aka tarar ya ruɗe ko ya kasa farkawa, a fito da shi iska a garzaya asibiti, a kuma faɗa wa likita da gawayi ya kwana.