Zafin cikin nama wajen gashi da banda: tambayoyi da amsoshi

Me ya sa ba za a dogara da agogo ko launin nama ba?

Yanka biyu masu nauyi ɗaya ba sa nuna a lokaci ɗaya. Kauri, kitse, iska da yawan ɗaga murfi duk suna sauya lissafi. Launi ma yana yaudara: hayaƙin itace kan bar jan zobe a gefen nama, har kazar da ta nuna sarai ta yi kama da ɗanya. Ma'aunin zafi mai tsinke ne kaɗai ke raba gardama.

Zafi nawa ne ke kashe ƙwayoyin cuta?

Ma'aikatar Noma ta Amurka ta tsayar da digiri 74 a ma'aunin Salshiyas ga kaza, talotalo da agwagwa. Niƙaƙƙen nama 71, domin niƙa na kai ƙwayoyin cutar da ke waje har tsakiya. Dunƙulen naman sa ko rago 63, a bar shi ya huta minti 3. Kifi ma 63. Masu son tsoka da sauran ja kan sauke ta a 54 zuwa 57, amma wannan ƙasa yake da ma'aunin hukumar, bai dace da mai ciki ko ƙaramin yaro ba.

To me ya sa a banda ake kai naman ƙirjin sa har 95?

Nuna daban, laushi daban. Ƙirjin sa, kafaɗar rago da haƙarƙari cike suke da jijiya. A 63 sun nuna, amma sai a gaji da tauna. Jijiyar na buƙatar sa'o'i a sama da digiri 70 kafin ta narke ta zama danƙon da ke jiƙa nama. Saboda haka ake riƙe wutar banda tsakanin 107 da 121, a bi naman a hankali har cikinsa ya kai 90 zuwa 96. Ƙirji mai kilo 5 kan ci awa 10 zuwa 14. Lambar ma ba ita ce ƙarshe ba. A soka tsinken a wurare uku. In ya shige ba turjiya an gama, in ya tirje a ƙara rabin awa.

Cinyar kaza ma ta fi daɗi a wajen 80. Ƙirjinta kuwa da ya wuce 74 sai bushewa.

Zafin ya tsaya cik a wajen 70, me ya faru?

Naman na gumi ne. Ruwan da ke tashi daga jikinsa na sanyaya shi daidai yadda wuta ke ɗumama shi, kuma hakan kan ɗauki sa'o'i. Kada a zuga wuta, waje ne zai ƙone. Ko dai a yi haƙuri, ko a naɗe shi tam da takardar alminiyam. Naɗin na rage lokaci, sai dai ɓawon waje kan yi laushi.

A ina ake soka ma'aunin?

A wuri mafi kauri, kada ya taɓa ƙashi ko dunƙulen kitse. Kafin aiki a tsoma shi cikin ruwan ƙanƙara, ya kamata ya nuna 0. Ma'aunin da ke jikin murfi zafin sama yake karantawa, gara a ajiye wani a kan wayar gashi kusa da naman.

Me ke sa fatar kaza tauri, hayaƙi kuma ɗaci?

Wuta ƙasa-ƙasa ba ta narkar da kitsen fata. Kaza na son wuta mai zafin 160 zuwa 175. Ɗaci kuwa daga farin hayaƙi mai kauri yake, alamar ɗanyen itace ko ƙarancin iska. A buɗe kafar iska har hayaƙin ya koma siriri, a guji itace mai ƙaro.

Dole ne a bar nama ya huta?

Eh. Babban yanka kan ƙara digiri 3 zuwa 5 bayan saukewa, don haka tsoka mai laushi a sauke ta kafin ta kai lambar da ake nema. Ƙirjin sa na son awa ɗaya ko biyu a naɗe, muddin zafinsa bai faɗi ƙasa da 60 ba.