Bitamin da bakteriya ke yi: me dokar Najeriya ta tanada?

Mai kiwon kaji a Bunkure ko Ringim da ke zuba garin bitamin a cikin dusa, da wuya ya san cewa bitamin B2 ɗin da ke ciki ba daga ganye aka tatso shi ba. Yawancinsa ƙananan halittu ne ke yin sa a manyan tankuna, cikinsu har da bakteriyar da ake kira Bacillus subtilis. Masana sun taɓa ƙwayoyin gadonta don ta riƙa yin bitamin fiye da buƙatarta. Sai dai idan bitamin ya taru a cikinta, takan ja baya da aiki. Shi ya sa ake gyara wasu sinadaran furotin da ke jikin fatarta, waɗanda suke kamar ƙofar rumbu, don bitamin ya riƙa fita waje a kwashe.

Duk mai son yin irin wannan aiki a Najeriya, ko shigo da irin wannan halitta, sai ya bi ta hannun NBMA, hukumar da ke sa ido kan halittun da aka gyara wa ƙwayoyin gado, da ke Abuja. Dokar da ta kafa ta, Shugaba Goodluck Jonathan ne ya sa mata hannu a 2015, aka yi mata gyaran fuska a 2019 don ta haɗa da sababbin dabarun gyaran ƙwayoyin gado da ƙera halittu.

Ba a shigo da halittar da aka gyara, ba a gwada ta a ɗakin bincike ko a gona, ba a sake ta a kasuwa, sai da izini a rubuce. Mai nema zai kawo rahoton haɗarin da abin ka iya jawo wa mutum, dabba da muhalli. Daga nan a buga sanarwa a jaridu, a ba jama'a kwana 21 su faɗi ra'ayinsu. A nan nake ganin gurguncewar tsarin: manomin da labarinsa daga rediyo yake zuwa, yaushe zai ga sanarwar jarida da Turanci? Wanda ya karya doka kuwa, tarar da ba ta gaza naira miliyan 2.5 ba ko ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba na jiransa, ko duka biyun. Kamfani, miliyan 5 zuwa sama.

Ta wannan hanya waken SAMPEA 20-T na cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Zariya, mai jure tsutsar da ke huda kwanson wake, ya samu izini a 2019.

To garin bitamin na shagon magungunan dabbobi fa? Rajistarsa aikin NAFDAC ne, don haka a duba lambarta a jikin buhu. Abin da ake so shi ne bitamin zalla, babu bakteriyar da ta yi shi, kuma ba kullum hakan ke samuwa ba. A 2014 an gano irin wannan bakteriya da ranta a wani bitamin B2 na abincin dabbobi da aka kai Turai daga Sin, tana ɗauke da ƙwayoyin gadon da ke hana wasu magunguna aiki. A 2018 Tarayyar Turai ta hana shi izini, ta sa a janye shi daga kasuwa.