Okid na Daji: Nemansa da Gane Shi a Lokacin Fure

Okid babban dangi ne na tsirrai masu fure, wanda masana tsirrai ke kira Orchidaceae. An ƙiyasta ire-irensa sun kai 28,000, don haka shi da Asteraceae, dangin su shuwaka da latas, ne ke kan gaba wajen yawa a cikin duk tsirran da ke yin fure. Ana samunsa a kowace nahiya in ban da Antatika, amma ya fi cunkushewa a dazuzzukan ƙasashe masu zafi da ruwan sama. Kolombiya kaɗai tana da sama da iri 4,000, Ekwado na biye da ita, haka ma tsibirin Niyu Gini.

Wanda jama'a suka fi sani shi ne na cikin tukunya, mai faffaɗan fure, da ake nomawa don kwalliyar gida. Na daji akasarinsu ba su da wannan ƙawa. Wani furensa kore ne, wani ruwan ƙasa, wani kuma sai an durƙusa kafin a gan shi. In babu fure, ganyensa sajewa yake yi da ciyawa, wasu ma sukan bushe ƙurmus su koma ƙarƙashin ƙasa. Wannan ne ya sa ake ɗaure nemansa da lokacin furensa, wanda a wasu ire-iren bai wuce mako biyu ko uku ba.

Siffar da ke tabbatar da shi

Launi shi ne abin da ido ke fara kamawa, kuma shi ne ya fi yaudara. Iri ɗaya a fili ɗaya sai a ga mai shunayya, mai ruwan hoda, da fari fat. Abin dogaro shi ne ginin furen.

Furen okid yana da kunnuwa shida, uku na waje, uku na ciki. Ɗaya daga cikin na cikin ya sha bamban da sauran, shi ake kira leɓe. Yakan fi faɗi, ko ya tsage gida uku, ko ya zama jaka, ko ya yi gashi, kuma a kansa ƙwaro ke sauka. Saboda leɓen nan, hanya ɗaya tak ake iya raba furen biyu a samu ɓangarori masu kama da juna, wato daga sama zuwa ƙasa. A tsakiya kuma babu zaruruwan namiji da na mace a warwatse kamar na sauran furanni. Sun haɗe sun zama abu guda mai kauri, ginshiƙi. Garin furen ma ba a sake yake ba, a dunƙule yake, galibi dunƙule biyu, huɗu ko takwas, masu ɗan danƙo a gindi da ke manne wa ƙwaro a ka ko a baki. Duk furen da ya haɗa leɓe da ginshiƙi da dunƙulen gari, to okid ne.

Akwai ƙarin alamu biyu da ake gani daga gefe. Kwanson iri yana bayan kunnuwan fure ne, har mai kallo ya ɗauka kara ne, kuma a yawancin ire-ire a murɗe yake. Dalili kuwa, furen yakan juya rabin zagaye kafin ya buɗe, don leɓen da ya faro a sama ya dawo ƙasa. Na biyu shi ne bututun da ke fita ta bayan furen, inda ruwan zaƙi ke taruwa a ire-iren da ke yin sa. Tsawonsa da lanƙwasarsa da inda ya fuskanta duk suna taimakawa wajen ganewa. A 1862 Charles Darwin ya duba wani farin okid na Madagaska, Angraecum sesquipedale, mai bututu kimanin santimita 30, ya ce lallai akwai ƙwaron dare mai harshen da zai kai ƙarshensa. An bayyana ƙwaron a 1903, amma sai a 1992 aka gan shi yana sha daga furen.

Ganyen okid jijiyoyinsa a jere suke daga gindi zuwa tsini, gefensa kuma ba ya da haƙora.

Inda ake nema

Ƙwayar irin okid ƙanana ce ƙwarai, kamar ƙura, kuma ba ta ɗauke da abincin da za ta tsira da shi. Kwanso ɗaya na iya zubar da dubbai, a wasu ire-iren har miliyoyi, amma ƙwayar ba ta tsira sai ta haɗu da wani dangin funfuna da ke zaune a ƙasa ko a ɓawon itace, ya ciyar da ita. Daga nan zuwa furen farko akan ɗauki shekaru. Wannan ya bayyana abin da masu nema suka daɗe da lura da shi: okid yana son wurin da aka jima ba a taɓa ba. Filin da aka yi wa huɗa ko aka zuba wa takin zamani da wuya ya riƙe shi, domin ciyawa mai saurin girma za ta danne shi, funfunar ma ta lalace. Tsohuwar makiyaya, gefen hanyar da ba a fesa wa magani, maƙabarta, dausayi, da ramin da aka daina haƙar dutse sun fi gonar da ta sha gyara albarka a wannan fanni.

Kusan kashi 70 cikin 100 na okid a kan bishiya suke rayuwa. Sai dai ba kamar kauci ba, ba sa tsotsar ruwan bishiyar, wurin zama kawai suka ara. Saiwarsu fara ce mai kauri, lulluɓe da wani soso da ke shan raɓa da ruwan sama, da yawansu kuma suna da kumburin kara da ke ajiye ruwa. Mai neman waɗannan sama yake kallo, a mararrabar rassa, a bishiyoyin bakin rafi, da kan itacen da iska ta kayar, wanda shi ne hanya mafi sauƙi ta ganin abin da ke can ƙololuwa. A Turai da sauran ƙasashen sanyi kuwa a ƙasa suke tsirowa, daga ƙullutun saiwa ko saiwa mai rarrafe. A can nau'in ƙasa yana da muhimmanci matuƙa. Tuddan alli da na dutsen farar ƙasa sun fi yawan ire-ire, ƙasa mai tsami kuma tana da nata 'yan kaɗan.

Lokacin fure

Babu wata ɗaya da ya game duniya. A gewayen Bahar Rum, ire-iren Ophrys suna buɗewa tun daga Fabrairu da Maris, kafin zafi ya ƙone ciyawa. A Birtaniya Orchis mascula ke cikin na farko, daga Afrilu, watan Yuni ne ganiya, sai Epipactis a Yuli da Agusta, sannan Spiranthes spiralis, mai ƙananan fararen furanni da suka nannaɗe kara, ya rufe a Agusta da Satumba. A kudu maso yammacin Ostireliya kakar ta fi ƙarfi daga Agusta zuwa Oktoba. Jan Disa uniflora na Dutsen Tebur a Afirka ta Kudu yana fure a bakin rafuka daga Janairu zuwa Maris.

A filayen ciyawa na Afirka ruwa da wuta ne ke tsara lokaci. Ire-iren Eulophia da dama suna fitar da karan fure bayan gobarar daji ko da ruwan farko, wani lokaci tun kafin ganye ya fito, a kan ƙasar da ta yi baƙi. Habenaria sai damina ta kankama. Tudun Kitulo a kudancin Tanzaniya, wanda aka mayar gandun ƙasa a 2005 musamman saboda furanninsa, yana da okid na ƙasa kusan iri 45, kuma lokacin ganinsu shi ne damina, daga wajejen Disamba zuwa Afrilu. Ansellia africana, mai rawayan fure da ɗigon ruwan ƙasa, da ke zama a kan bishiya cikin kwandon saiwoyinsa masu kallon sama, shi da rani ya fi yin fure.

Ko a wuri ɗaya lokacin yana motsi. Gangaren da rana ke duka yana riga wanda ke inuwa, kwari yana riga kan dutse. Wani bincike da aka yi a Ingila kan tsofaffin samfuran Ophrys sphegodes ya nuna furen yana gaggawa da kimanin kwana 6 a duk lokacin da zafin watannin da suka gabace shi ya ƙaru da digiri 1. Sannan okid na ƙasa yana da halin yin shekara ɗaya ko fiye bai leƙo ba alhali yana raye. Epipogium aphyllum, wanda ba shi da ganye ko kore, an gan shi a Birtaniya a 2009, ba a sake ba sai 2024. Rashin ganin fure bana ba hujja ba ce cewa tsiron ya mutu.

Rarrabe iri da iri

Nan ne aikin yake da wuya, kuma nan ne madubin ƙara girma mai ninki 10 ya fi kowane kayan aiki amfani. Bambancin da ke raba ire-ire masu kama yakan kasance a abin da bai kai rabin farce ba.

Platanthera chlorantha da Platanthera bifolia duka farare ne masu ƙamshin dare da dogon bututu. A leƙa cikin furen: a na farko dunƙulen garin biyu sun ware a ƙasa sun karkato a sama, a na biyu kuwa suna tsaye dab da juna. Dactylorhiza fuchsii da Dactylorhiza maculata duka ganyensu na da ɗigo, amma leɓen na farko ya tsage sosai gida uku, na tsakiya dogo, kuma yana son ƙasa mai alli. Leɓen na biyu faffaɗa ne, tsagin tsakiyarsa ɗan ƙarami, yana kuma zama a ƙasa mai tsami. Anacamptis morio ana raba shi da Orchis mascula da koren layukan da ke jikin hular furensa. A Afirka, Satyrium ba ya juyawa, leɓensa na sama ya zama hula mai bututu biyu, Disa kuwa hularsa daga kunnen waje take, kuma bututunta ba ya wuce ɗaya. Wanda ya riƙe wannan ya huta da rabin ruɗanin tsaunukan Gabashi da Kudancin Afirka.

Wari ma shaida ne. Himantoglossum hircinum warin bunsuru yake yi. Kusan kashi ɗaya cikin uku na okid ba sa ba ƙwaro komai, yaudararsa suke yi, kuma Ophrys ya fi kowa ƙwarewa. Leɓensa yana kwaikwayon siffa da ƙamshin macen ƙudan zuma ko zanzaro, namiji ya zo barbara ya tafi da garin fure. Wani alƙali Bafaranshe a Aljeriya, Pouyanne, shi ya fara bayyana wannan a 1916. Tsarin zanen da ke kan leɓen shi ake bi wajen raba ire-iren Ophrys, kodayake masana kansu ba su daidaita kan yawansu ba: wasu na ƙirga 'yan gomomi kaɗan, wasu ɗaruruwa.

Dactylorhiza kuma yana yawan barbara tsakanin iri da iri, a samu ruwa-biyu masu siffofin iyaye biyu. A irin wannan fili gara a duba tsirrai da yawa a ga siffar da ta rinjaya, kuma ba aibi ba ne a tsaya a sunan jinsi, wato kalmar farko ta sunan kimiyya, in na iri ya ƙi fita. Manhajojin waya masu gane tsiro daga hoto sukan yi tuntuɓe daidai nan. Hoton da zai amfani masani sai ya haɗa da gaban fure, gefensa, ganye, tsiron gaba ɗaya, da wurin da ya tsiro, tare da kwanan wata.

Akwai waɗanda ake ɗauka okid ne alhali ba su ba ne. Orobanche, mai tsotsar saiwar wasu tsirrai, yana kama da okid ɗin Neottia nidus-avis don dukansu ruwan ƙasa ne marasa koren ganye, amma furensa bututu ɗaya ne kuma ba shi da ginshiƙi. Dangin na'a-na'a ma furensu na da leɓe, sai dai karansu mai kusurwa huɗu ne, ganyensu kuma biyu-biyu suna fuskantar juna.

Kariya da doka

Okid na daji da aka tono aka kai gida da wuya ya rayu, tunda an raba shi da funfunar da ya dogara da ita. Duk da haka tonon ya yi ɓarna mai yawa. A Ingila masu tara tsirrai sun yi wa Cypripedium calceolus, mai leɓe kamar jaka, wasoso har aka ce ya ƙare a 1917. A 1930 aka gano guda ɗaya a Yorkshire, aka yi shekaru ana gadinsa, daga baya lambun binciken tsirrai na Kew da ke Landan ya raino wasu daga iri aka dasa. A Turkiyya ana tonon ƙullutun saiwa don yin garin salep da ake haɗa abin sha da shi, a Zambiya kuma don wani abinci mai suna chikanda, abin da ya sa ake kwasar Disa da Satyrium da Habenaria har daga tsaunukan Tanzaniya.

Yarjejeniyar CITES kan cinikin dabbobi da tsirran daji tsakanin ƙasashe, da ta fara aiki a 1975, ta sa dukan dangin okid a cikin jerin tsirran da ba a ƙetare iyaka da su sai da izini, Paphiopedilum da Phragmipedium kuma suna cikin rukuni mafi tsanani, wanda ya hana cinikin na daji. Ƙasashe da yawa suna da tasu dokar kan tsinka da tonowa.

Ɓarnar masu kallo ta fi yawa ta ƙafa. Kusa da tsiron da ya yi fure akwai ƙanana da ba su kai ba, kuma su mai ɗaukar hoto ke tattakewa ko ya kwanta a kansu. Hanyar da sawu ya buɗe a cikin ciyawa kuma tana nuna wa na baya inda abin yake. Saboda haka ƙungiyoyin masana tsirrai ke karɓar ainihin wurin da aka ga iri mai ƙaranci su ajiye a rumbunsu ba tare da sun wallafa ba, dandalin intanet na iNaturalist, inda jama'a ke ɗora hotunan halittun da suka gani, shi ma yana ɓoye takamaiman wurin ire-iren da ke cikin haɗari a taswirar da jama'a ke gani.