Wa zai zauna a majalisar da za ta rubuta sabon tsarin mulki?

Duk sanda aka ta da zancen sabon tsarin mulki a shirye-shiryen siyasa na gidajen rediyon Kano, muhawara kan tsaya ne a kan abin da za a rubuta. Ba a cika tambayar ta wace hanya masu rubutun za su samu kujerunsu ba.

Hanyar da muka saba ita ce mazaɓa ɗaya, kujera ɗaya, wanda ya fi ƙuri'a ya ɗauka. A ce mutum 100 ne suka yi zaɓe a Fagge: wannan ya samu 40, wancan 35, na uku 25. Mai 40 ne zai tafi Abuja, sauran 60 su tashi hannu rabbana. In aka yi haka a mazaɓun tarayya 24 na Kano, jam'iyya guda na iya kwashe su kakaf, alhali ba ta samu ko rabin ƙuri'un jihar ba.

Tsarin mulkin 1999 ya nemi daidaito ta wata fuskar. Sashe na 48 ya ba kowace jiha sanata uku, Abuja ɗaya. Kujeru 360 na Majalisar Wakilai kuwa yawan jama'a ake dubawa, shi ya sa Kano ke da 24, Bayelsa 5. Wannan daidaito ne tsakanin jihohi, bai shafi ra'ayoyi ba.

Afirka ta Kudu ta bi wata hanyar a 1994. Jam'iyya aka zaɓa, ba mutum ba, aka raba kujeru 400 gwargwadon ƙuri'un kowacce. ANC, jam'iyyar Nelson Mandela, ta samu 252, jam'iyyar da ta yi mulkin wariya ta samu 82. Majalisar ce, haɗe da majalisar dattawan ƙasar, ta rubuta tsarin mulkin 1996, kuma da yake kashi biyu cikin uku ake buƙata, ANC ba ta isa ta yi gaban kanta ba. Da a Kano ne, jam'iyyar da ta samu rubu'in ƙuri'u za ta tashi da kujeru shida cikin 24.

Mu a 1977 kansilolin ƙananan hukumomi ne suka zaɓi mafi yawan 'yan majalisar tsara tsarin mulki, soja suka naɗa ragowar. Talaka bai dangwala ba.

A ganina, majalisar da za ta rubuta dokar da za ta hau kan kowa, rabon gwargwado ya fi dacewa da ita. Sai dai yana da nasa aibin, kuma Bakano ya san shi: uban gidan jam'iyya ne zai jera sunaye, wanda ya fi yi masa biyayya shi ne a sama. Ba ka da wani wakili takamaimai da za ka tare a ƙofar gidansa da safe.

Sauya hanyar zaɓen da muka saba zai taɓa tsarin mulki, kuma sashe na 9 na buƙatar kashi biyu cikin uku na majalisun tarayya biyu, da amincewar majalisun jihohi 24. Masu kaɗa wannan ƙuri'a kuwa duk ta tsohuwar hanyar suka shigo.